Garar da Ta Jira Dubulan

Gwallaga, Bauchi
6 ga Yuli, 1992

Zuwa ga ƙanwata Yelwa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da aiki, ina gaida marasa lafiyar da kike jinya a can saman dutsen Gembu. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Malam da ta ɗan motsa da shigowar damina, ita ma ta yi sauƙi har yana takawa masallaci da kansa.

Albishirinki. An sa ranar auren Khadijatu, Asabar ta ƙarshen Agusta. Yaron dai shi ne Mansir da na ba ki labarinsa bara, telan nan na Fadaman Mada. Ita ta kawo abinta, Malam ya bincika, bai samo komai ba sai yawan gaisuwa.

Shekara ashirin ke nan tun da kika danƙa min ita a tsakar gidan nan, tana 'yar shekara uku, bayan rasuwar mijinki Hammajoda, kika wuce makarantar jinya. Har yau mutane na tambayata yadda muke da ke. In na ce kakata da kakarki ciki ɗaya suka fito, sai su ce ashe da nisa. Ni kuwa ban ga nisan ba, tunda ta nan na samu 'ya.

Kin san yadda kasuwa take bana. Na leƙa wajen masu ba da hayar kayan ado, na ji farashi, na yi musu fatan alheri na dawo gida. Sai muka ce mu yi abinmu da hannunmu, kuma Yelwa, da kin ga matan layin nan da kin yi mamaki. Mansir ya aiko da buhu biyu na ragowar ƙyallayen shagonsa, 'yan mata suna naɗe su suna ɗinkewa, sai ga furanni kamar ka shinshina. Dangin Malam na Zungur sun kawo faya-fayai arba'in masu rini, za mu jera su a bangon rumfa. Tsofaffin kwalabe ma ba su tsira ba, an nannaɗe su da zaren saƙa an tsattsayar da furannin a ciki.

Babbar gwanar ita ce Paulina, maƙwabciyarmu mai shagon kayan shayi. Ita za ta yi kek, hawa uku, ba tare da murhun gashi na zamani ba. Yashi take zubawa a babbar tukunya, ta ɗora gwangwanin ƙullun a kai, garwashi a ƙasa garwashi a kan murfi. Ta yi mana na gwaji, Malam da ke cewa kek abincin yara ne ya nemi ƙari. Farin da ake shafawa a kai, sukari muka daka a turmi muka tankaɗe da ɗankwali, ta ɗiga ruwan zoɓo ya koma launin fure. Na tsaya ina kallon hannun matar nan har miyata ta kama.

Amaryar kuma ba a bar ta a baya ba. Kullum sai ta dafa alawar madara, ta yanka ƙanana ta aika Fadaman Mada, wai don kada ango ya rame kafin biki. Na ce mata in ya ci gaba a haka sai ya sake ɗinka rigar angwancin.

Gara ma mun tsara: alkaki ni, nakiya surukata, cincin Paulina, dubulan duk wadda hannunta ya sarara. Saboda haka ki kwantar da hankalinki, mun gama komai, babu abin da ya rage miki sai ki nemi hutu ki zo ki zauna kamar baƙuwa.

Taki,
Ruƙayyatu

Gembu
24 ga Yuli, 1992

Yaya,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta same ni lafiya. A gaida Malam da ƙafa, ya riƙa gasa ta da ruwan ɗumi. Nan ruwa ake ba dare ba rana, asibiti cike da masu zazzaɓi.

Na ji an sa rana. Allah ya sanya alheri. 'Yarki ce, duk yadda kika yi daidai ne.

Maganar dubulan. Kada a ba wadda hannunta ke da nauyi. A tankaɗe fulawa sau biyu. Ƙwan ya zama na kajin gida, a kaɗa shi har ya yi kumfa kafin ya taɓa gari. Kada a zuba ruwa ko kaɗan, in ƙullin ya yi tauri a ƙara ƙwai. A rufe shi da ƙwarya ya huta gwargwadon tsakanin azahar da la'asar. A murza shi siriri har a riƙa ganin inuwar yatsa ta bayansa. Wajen naɗi, a ɗora zare biyu a kan ɗan yatsa, a zagayo, a cusa bakin ta ƙasa kamar yadda nake yi, ba ta sama ba, in ba haka ba zai warware a mai. Kada man ya yi hayaƙi. Ruwan sukarin a matsa masa lemon tsami, a tsoma dubulan ɗin da zafinsa a cire, kada a bar shi ya kwanta a ciki. In ya huce a jera a kwalla da takarda tsakani, kada a zuba shi kamar cincin.

Hutu ban sani ba tukuna. Mu biyu ne kawai a ɗakin mata, kuma tunda kun gama komai ba sai na matsa wa mutane ba.

Ƙanwarki,
Yelwa

Gwallaga
5 ga Agusta, 1992

Yelwa,

Gaisuwa da fatan kina lafiya. Mu ma lafiya, sai dai wasiƙarki ta ɓata min rai, kuma ba zan ɓoye miki ba.

Na tara miki labari shafi uku, furanni, faya-fayai, kek ɗin Paulina, ba wanda kika ce madalla. Sai darasin suya kika aiko min, ni da na yi garar 'ya'yan mutane tun kina zuwa makarantar allo. Na san abin namu na talakawa ne, kwalba da ƙyalle da yashi, amma ba mu kai lalacewar da za a koya mana fasa ƙwai daga Gembu ba.

Wannan duk mai sauƙi ne. Kuskuren da na yi shi ne, da ɗan aike ya kawo wasiƙar Khadijatu na zaune kusa da ni tana ɗinkin fure, sai na buɗe na karanta a fili don murna. Na kai ƙarshe, ta ce, "Umma, shi ke nan?" Na juya takardar, baya fari fat. Ta ce, "Shafi guda a kan dubulan." Ta mayar da kai kan allurarta. Kwana uku ke nan ba a dafa alawar madara a gidan nan ba, har Mansir ya aiko yana tambaya ko lafiya.

Na san 'yar fari ce, na san ba za ki kama sunanta ba, ban kuma ce ki kama ba. Amma wasiƙa ce tsakanina da ke, wa zai gan ki in kin tambayi lafiyarta? Yarinyar nan tun tana ƙarama in kin zo hutu take laɓewa a bayan ƙofa tana kallonki, ke kina kallon bango. Ni nake ce mata kunya ce, ba ƙi ba ne. Shekara ashirin ina faɗa tana yarda. Yanzu na faɗa, ta yi min murmushin da ake yi wa tsohuwa in ta yi ƙarya don a ji daɗi.

Ba na so ta shiga ɗakin mijinta da wannan a zuciyarta. In ba za ki zo ba, rubuto layi biyu da zan iya karanta mata.

Ruƙayyatu

Gwallaga
14 ga Agusta, 1992

Ƙanwata Yelwa,

Ina gaishe ki. Ban ji daga gare ki ba, an ce ruwa ya ci hanyar dutse. Wannan na ba Ɗanlarai direba, mai ɗauko ayaba daga wajenku, ya ce ko a ƙafa zai hau ya kai miki. In waccan wasiƙar ta riga ta isa, ki yafe min rabinta. Ɗaya rabin ina nan a kai.

Jiya na ce bari in gwada dubulan ɗin nan naki, don in nuna miki ba wani abu ba ne. Na kira Paulina ta riƙe takardar tana karanto min. Komai ya tafi daidai har muka zo naɗi. Ta karanta, "kamar yadda nake yi." Na ce to yaya take yi? Ta ce takarda bai faɗa ba. Na naɗa ta nan ya warware, na naɗa ta can ya fito kamar igiyar ɗaure akuya. Muka yi ta dariya har hawaye.

Sai Paulina ta ninke takardar ta ce, "Maman Dije, wannan mata ba koya maka yake yi ba. Shi yana so ya yi da hannunsa ne, kai kuma ka ce masa babu aiki."

Na zauna a kan turmi. Matar da Hausar ma a kasuwa ta koye ta, ita ta karanta min ƙanwata. Na ɗauko abin da na rubuta miki a raina, na ji shi da kunnenki: mun gama komai, zo ki zauna kamar baƙuwa. Ni hutu nake nufin ba ki, ashe ƙofa na rufe. Ke kuma ba za ki taɓa buɗe baki ki ce a bar miki wani abu a bikin 'yar fari ba, ko za a yanka ki.

To ga abin da na yanke. Fulawar dubulan tana cikin ɗakina na ɗaure bakin buhun, kajin gida na hana a taɓa ƙwansu. Babu wadda za ta yi shi sai ke. Za a ɗaura aure a kai amarya ranar da aka sa, amma gara ba za ta fita daga gidan nan ba sai da dubulan ɗinki a ciki. Surukata ta ce dangin ango za su yi da mu. Na ce su yi, bakinsu ne.

Yayarki,
Ruƙayyatu

Gembu
23 ga Agusta, 1992

Yaya,

Ina gaida ku duka. Wasiƙunki biyu rana ɗaya suka zo, Ɗanlarai ya karɓo ta farkon a gidan waya na ƙasan dutse ya haɗo da tasa. Allah ya taimake ni na fara buɗe ta biyun.

Ki gaida Paulina, ki ce na gode. Kek ɗinta da furanninku na karanta labarinsu ya fi sau goma, har na ba abokiyar aikina. Ban ce madalla ba ne don kishi ya kama ni, Yaya. Kowace mace a layinku tana da abin da za ta nuna ta ce ni na yi, har maƙwabta, ni ce kawai ba ni da shi. Ban iya ɗinki ba, ban iya kek ba. Dubulan kaɗai mahaifiyata ta bar min a hannu. Tun da kika fara ba ni labarin yaron nan bara nake soya shi duk ranar da ba ni da aiki, don kada hannuna ya manta. Ma'aikatan asibitin nan sun ci har sun gaji.

Layi biyun da kika nema na zauna da biro ya fi awa, ban iya ba. Ba rashin abin faɗa ba ne.

Na samu hutun mako guda, amma sai wadda za ta karɓe ni ta iso, ita ma hanya ta tsare ta. Ɗaurin aure ba zan same shi ba. Kada ki jawo wa kanki magana saboda ni, ki kai musu gararsu. In kuma kin ƙi ji, to a samo man gyaɗa sabon matsa, kada a sayi na kwalba.

Ƙanwarki,
Yelwa

Gwallaga
12 ga Satumba, 1992

Yelwa ƙanwata,

Da fatan kin isa lafiya, kuma bayan ya daina ciwo. Mu nan gajiya ce kawai, Malam na gaishe ki.

Kwana biyun da kika yi a gidan nan kanki na kan kasko, ko labarin biki ba ki bari na ba ki ba, ranar kai gara kuma motarki ta tashi da sassafe. To zauna ki ji.

Yinin biki ya yi kyau fiye da yadda na zata. Da aka jera faya-fayan nan a bango aka zagaye su da furanni, wata 'yar uwar ango da ta zo daga Jos ta ja ni gefe tana tambayar inda muka yi haya. Na nuna mata 'yan matan layinmu. Kek ɗin Paulina ya ɗan karkace a hawa na uku, ta tokare shi da tsinken tsire ta rufe wurin da fure, babu wanda ya sani sai ni da ita. Ko ɓurɓushi bai rage ba.

Maganar kuwa mun sha ta. Kwana tara gara na ɗakina. Gwaggon Mansir ta aiko sau biyu, na biyun cewa ta yi ko ɓera ne ya cinye a faɗa musu su yi haƙuri. Na ce a gaya mata ɓeran na kan hanya daga Gembu. Ita Khadijatu ban gaya mata dalili ba, don ban tabbata za ki iso ba, kuma ba na so in sa mata rai.

Na ji haushinki da kika ƙi ɗaga tafiyarki ki bi ni Fadaman Mada ko da a ƙofar gida ne ki tsaya. Tafiyar da ba ta kai ta dahuwar shinkafa ba, kika ce uwa ba ta taka gidan surukai da ɗanyen aure. Na bar ki ne don na ga yadda kike naɗin nan. Na zauna a gefenki ina ƙirga yatsunki ko sun fi nawa yawa. Kwalla uku, babu guda ɗaya da ya fi ɗan uwansa girma, in an ɗaga a rana haske na ratsa shi. Paulina ta ce a garinsu da a gilashi za a sa shi.

Da muka kai, aka baje komai a tsakar gida, dangin ango suka kewaye, gwaggon nan ta zauna rabo. Aka yaba alkaki, aka yaba nakiya. Sai aka buɗe kwallar dubulan. Gwaggo ta ɗaga guda ta jujjuya ta ce, "Wannan ba hannun Gwallaga ba ne. Wa ya yi?"

Na ɗaga murya yadda za a ji har cikin ɗaki na ce, "Mahaifiyar amarya ce. Kwana biyu ta yi a mota daga Gembu, ta yi kwana biyu a bakin wuta, yau da asuba ta koma aiki. Ita muke jira."

Yelwa, amaryar da ko tari ba a ji ta yi ba tun da aka kawo ta, sai ga ta ta ɗaga labule ta fito, lulluɓe har ƙasa, a gaban surukanta duka. Ta durƙusa gaban gwaggo ta ɗora hannu a kan kwalla ɗaya ta ce, "Gwaggo, ku yi haƙuri, wannan ba ta rabo ba ce." Ta rungume ta ta koma ɗaki. Na ce yau mun gama jin kunya a Bauchi. Gwaggon ta bi ta da kallo, sai ta ce wa matan, "Ku raba biyun, ta fi mu gaskiya."

Da na shiga na same ta zaune a bakin gado da kwallar a cinya, ba ta ci ko ɗaya ba, kallo kawai take. Ta tambaye ni ko kin ƙone a hannu, na ce sau biyu. Ta tambayi ko kin ci abinci kafin ki hau mota. Sannan ta ce in rubuta mata adireshinki.

Taki har kullum,
Ruƙayyatu

Gembu
2 ga Oktoba, 1992

Yaya,

Na isa lafiya, baya ya warke, ƙunar ma ta bushe. A gaida Malam da Paulina.

Wasiƙarki ta zo, bayanta da kwana huɗu wata ta zo da rubutun da ban sani ba. A tsaye na karanta ta a ƙofar ɗakin magani, sai da abokiyar aikina ta kawo min kujera. Shafi huɗu ne. Ba ta yi min ƙorafin komai ba. Labarin ɗakinta ta ba ni, da yadda take ba mijin dubulan guda ɗaya tak kullum bayan la'asar, in ya nemi na biyu ta ce ya jira gobe. A ƙarshe ta ce in na samu hutu in je in koya mata naɗin.

Zan amsa mata, wannan karon zan iya. Na sayi takarda, na rubuta kwanan wata, na tsaya a layin farko. Sunan yanka ba zai fito daga hannuna ba, "yarinyar nan" kuma ba a fara wasiƙa da shi. Ke kika raine ta, Yaya. Ki gaya min, da wane suna take so a kira ta?

Ƙanwarki,
Yelwa